Filin Tambayoyin Masu Karatu: In Fayafayan Kwamfuta Suka Ƙi Haɗuwa

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk daga cikin garin Gombe da kewaye suka fito, kuma galibinsu a kan abu guda suke, wato haɗa fayafayan ajiyar kwamfuta biyu ko fiye su yi aiki tamkar faifai ɗaya, dabarar da aka sani da RAID. Dabarar ta yi suna ne tun daga wata takardar bincike da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka gabatar a 1988, inda suka nuna cewa tarin fayafayai masu araha na iya maye gurbin babban faifai guda mai tsada. Ana yin haɗin ko dai da kati na musamman ko da manhaja kawai, masu rubuto mana kuwa duk da manhaja suke yi, a kan Linux, da shirin mdadm wanda Neil Brown ya fara fitarwa a 2001. Zan riƙa kiran fayafayan da aka haɗa da sunan haɗaka, saƙonnin kuskure kuma zan bar su yadda suke fitowa a allo, domin da haka mai karatu zai gane su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗakin ɗaukar hoto da bidiyon biki a Tudun Wada. Bara faifaina ya mutu da bidiyon ɗaurin auren mutane a ciki, har yau kunya ba ta sake ni ba. Saboda haka na sayi fayafayai biyu na hannu masu terabait 2 kowanne, domin in yi RAID 1, wato kowanne ya riƙe kwafin ɗayan, a kan Ubuntu (wani nau'in Linux). Da na rubuta mdadm --create /dev/md0 --level=1 --raid-devices=2 /dev/sdb /dev/sdc sai ta ce "cannot open /dev/sdb: Device or resource busy". Na yi fomatin ɗin faifan har sau biyu amma ba ta canza zani ba. Ko lalatacce aka sayar mini?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan saƙon bai nuna lalacewa ba, abin da yake faɗa kawai shi ne akwai wanda ya riga ka riƙe faifan, kuma Linux ba ta yarda hannu biyu su kama shi lokaci guda. Tunda na hannu ka saya, zatona ya fi karkata ga cewa ya taɓa zama cikin wata haɗaka a wurin mai shi na farko. Duk faifan da mdadm ya sa cikin haɗaka yakan buga masa ɗan tambari mai ɗauke da lambar haɗakar da matsayin faifan a cikinta, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa saniyarsa, wadda ko an sayar da ita a kara tana nan a jikinta. Tambarin da ake amfani da shi yanzu, samfurin 1.2, yana zaune ne kilobait 4 daga farkon faifai, amma samfurin 0.90 da 1.0 can kusa da ƙarshe suke, inda fomatin na gaggawa sau da yawa ba ya taɓawa. Da kwamfutarka ta tashi ta ga tambarin, sai ta yi ƙoƙarin tayar da tsohuwar haɗakar da kanta, ta ba ta suna irin md127, ta riƙe faifan tana jiran 'yan'uwansa da ba za su taɓa zuwa ba.

Ka fara rubuta cat /proc/mdstat. In ka ga md127 da kalmar "inactive" a gabanta, ga sdb a jere, to ka kama ɓarawon. Sai ka tsayar da ita da mdadm --stop /dev/md127, ka goge tambarin da mdadm --zero-superblock /dev/sdb, sannan ka bi da wipefs -a /dev/sdb domin share sauran alamomin da suka rage. Amma kafin ka danna ko ɗaya daga cikin umarnin gogewar nan, ka rubuta lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL ka gwada lambar da ta fito da wadda ke manne a jikin faifan. Sunaye irin sdb da sdc ba na dindindin ba ne, ana raba su ne gwargwadon wanda ya fara amsawa lokacin tashi, filashi guda da ka manta a jikin kwamfuta ma tana iya sauya jerin, wipefs kuma ba ya tambayar ko ka tabbata.

In babu md127, sai a duba sauran masu riƙewa. Mai yiwuwa Ubuntu ta buɗe faifan da kanta bayan fomatin ɗin da ka yi, sai ka sauke shi da umount. Mai yiwuwa akwai tsohon fatishan (yankin da aka ware a faifai) na swap ko na LVM a kansa, waɗanda Linux kan kama da kanta lokacin tashi, lsblk zai nuna maka su a ƙarƙashin sunan faifan kamar rassa. Haka kuma ka leƙa saitin BIOS, wanda ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi, in an sa mashigar SATA a kan RAID ka mayar da ita AHCI, in dai ba Windows ke tashi daga wannan kwamfutar ba, domin ita sauyin na iya hana ta tashi.

Akwai gyara biyu da ba ka tambaya ba amma ba zan bari su wuce ba. Na farko, umarninka ya ɗauki faifan ɗungurungum, ni kuwa na fi son a yanka fatishan guda a kowanne, a ba shi nau'in FD00 da gdisk, a haɗa sdb1 da sdc1. Dalili shi ne tsarin GPT, wanda ke rubuta jerin fatishan ɗin faifai a tebur, yana ajiye kwafin teburinsa a ƙarshen faifai, kuma an sha samun kwamfutar da za ta ga wannan kwafin ta ɗauka teburin farko ne ya lalace, ta maido shi, ta rubuta shi daidai kan wurin da tambarin 1.2 yake zaune, sai a wayi gari haɗaka ta ɓace. Na biyu, kayan hannu sai da bincike: ka sa smartctl -a, umarnin duba lafiyar faifai, a kan kowanne ka duba layi mai lamba 9, wanda ke ƙirga sa'o'in da faifan ya yi yana aiki. Shekara guda sa'o'i 8,760 ce, ka raba ka ga shekarun abin da ka saya. Sannan ka sani RAID 1 madubi ne, abin da ka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan nan take, don haka bidiyon mutane yana buƙatar kwafi na uku a faifan da ba ya jone da wannan kwamfutar.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ce ke kula da bayanan ɗalibai da sakamakon jarrabawa a wata makarantar kuɗi a Pantami. Na haɗa RAID 1, ta gama daidaitawa, na kwashe fayiloli na zuba, na rubuta /dev/md0 a cikin /etc/fstab, na kashe na tafi gida. Washegari kwamfutar ta tsaya tana ƙirga minti ɗaya da rabi, daga nan ta faɗa "emergency mode". Ga lokacin ba da sakamako ya matso. Shin bayanan sun tafi ke nan?

AMSA: Malama, ki kwantar da hankalinki, bisa abin da kika bayyana babu fayil ɗaya da ya motsa daga wurinsa. Haɗakar tana nan, suna kawai ta canza. Da kika ƙirƙire ta kin kira ta md0, amma ba ki rubuta wannan sunan a inda kwamfutar za ta tuna da shi ba, da ta sake tashi sai ta tayar da ita a matsayin md127. Fayil ɗin fstab kuma, wanda ke jera fayafayan da za a buɗe lokacin tashi, ya ce a jira md0, aka jira ta daƙiƙa 90 kamar yadda systemd, shirin da ke tsara tashin kwamfutar, ya saba, ba ta zo ba, sai kwamfutar ta ƙi ci gaba.

Daga wannan baƙin allon, ko ta hanyar tayar da kwamfutar da filashin Ubuntu, ki buɗe /etc/fstab ki sa alamar # a farkon layin da kika ƙara, domin ta samu ta tashi lafiya. In ta ƙi karɓar gyaran saboda faifan tsarin yana a kulle, mount -o remount,rw / zai buɗe shi. Bayan ta tashi, aiki uku ne ke gabanki. Na farko, umarnin mdadm --detail --scan zai fitar da layi guda da ya fara da ARRAY, shi za ki ƙara a ƙarshen /etc/mdadm/mdadm.conf, ki gyara sunan da ke ciki ya koma /dev/md0. A Fedora da danginta fayil ɗin yana /etc/mdadm.conf ne kai tsaye. In kika gwada tura layin da alamar >> tare da sudo, umarnin da ke ba da ikon mai kula da kwamfuta, aka ce miki "Permission denied", ba laifinki ba ne, ikon sudo bai kai ga turawar ba, sai ki yi amfani da tee -a tare da sudo, ko ki buɗe fayil ɗin ki manna da hannu. Na biyu, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, ki rubuta update-initramfs -u, ko dracut -f a gidan Fedora, domin akwai ƙaramin kunshin da kwamfuta ke fara buɗewa kafin ta kai ga babban faifai, shi ma yana riƙe da nasa kwafin mdadm.conf, in ba a sabunta shi ba tsohon labari zai ci gaba da bi.

Na uku, ki daina kiran haɗakar da suna a fstab, ki kira ta da lambar UUID, wato lambar shaidarta da ba ta canzawa. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin lambobin biyu ne: akwai ta haɗakar kanta, wadda mdadm ke nunawa da alamar ɗigo biyu a tsakanin rukunoninta, wurinta mdadm.conf, akwai kuma ta tsarin fayil ɗin da ke kan haɗakar, wadda blkid /dev/md0 ke bayarwa, ita ce ta fstab. Ki ƙara kalmar nofail a zaɓuɓɓukan layin, ta yadda ko wata rana haɗakar ta ƙi tashi, kwamfutar za ta kai ki inda za ki iya bincike. Kafin ki sake kashewa ki gwada da mount -a, in bai yi ƙorafi ba kin gama.

TAMBAYA: Malam, ɗalibi ne ni, ina zaune a Tumfure. Sababbin fayafayai uku masu terabait 4 na haɗa RAID 5, amma tun minti na farko mdstat ke nuna [UU_] da kalmar "recovery", mdadm --detail kuma yana cewa "degraded". Sabon faifai ya mutu tun kafin a fara?

AMSA: Bai mutu ba, ƙanena, haka mdadm ke gina RAID 5 da gangan. RAID 5 na rarraba bayanai a kan fayafayan tare da lissafin cike gurbi, yadda in ɗaya ya mutu za a iya maido da nasa daga sauran. Yakan ɗauki fayafayai biyu a matsayin cikakku, ya lissafa abin da ya kamata ya zauna a na ukun ya rubuta masa, saboda hakan ya fi sauri a kan karanta duka ukun ana gwadawa. In ya gama za ka ga [UUU], kowane U faifai ne da ke aiki. Faifai mai terabait 4 da ake rubuta masa megabait 150 a daƙiƙa zai ci sama da sa'o'i 7, in kana aiki a kan kwamfutar kuma ya fi haka, domin Linux na sassauta ginin ta ba ka hanya. Iyakokin gudun suna cikin /proc/sys/dev/raid, na ƙasa 1000 na sama 200000 a ma'aunin kilobait cikin daƙiƙa, kana iya ɗaga na ƙasan in kana sauri. Shawarata ka fara irin wannan aikin da safe lokacin da sola ke da ƙarfi, kada ka fara da magariba batir na gab da sauka. In kuma ka ga girman haɗakar ya nuna 7.3 maimakon terabait 8 da ke saura bayan lissafin ya ci girman faifai ɗaya, ba a cuce ka ba, masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, kwamfuta kuwa da 1024.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina kula da wani wurin buga takardu da zanen gine-gine a Jekadafari, muna da saba, wato babbar kwamfutar ajiya, mai fayafayai huɗu a RAID 5, aikin shekara shida na ciki. Ranar Talata aka ɗauke wuta, kafin yaro ya tayar da janareta saba ta mutu. Yanzu mdstat na cewa "inactive", in na gwada tayar da ita sai ta ce "assembled from 2 drives - not enough to start the array". Wani mai gyara ya ce in sake rubuta umarnin --create da fayafayan nan huɗu, wai za ta dawo yadda take. Maigidana Alhaji ya ce in tambaye ka tukuna.

AMSA: Ka gaishe mini da Alhaji, ka ce masa wannan jinkirin da ya sa ka yi wataƙila shi ne ya ceci aikin shekara shidan. Kada ka rubuta --create. Wannan umarnin na gina sabuwar haɗaka ne, zai shafe tsofaffin tambura huɗun ya buga sababbi, alhali a cikin tsofaffin ne aka rubuta jerin fayafayan, da girman yankan da ake rarraba bayanai da shi, da nisan inda bayanan suka fara. Waɗannan ƙa'idojin sun sha canzawa tsakanin tsofaffin fitowar mdadm da sababbi, girman yankan ma da kilobait 64 ne kafin a mayar da shi 512. In ko ɗaya ya saɓa, ko jerin fayafayan ya juye saboda sdb ta jiya ta zama sdc yau, sabuwar haɗakar za ta fara daidaita kanta nan take, ta riƙa rubuta lissafin cike gurbi a kan bayanai na gaske. Gaskiya ne ƙwararru kan yi amfani da --create a matsayin dabarar ƙarshe, amma a kan kwafin fayafayai suke yi, da kowace ƙa'ida a rubuce a gabansu.

Na taɓa zuwa wani ofis a nan garin bayan an riga an yi wannan aika-aikar. Na tarar da saurayin da ya yi ta zaune a kan benci ya haɗa kai da gwiwa, fanka na juyawa a kansa amma rigarsa sharkaf da gumi, allon kuma na nuna daidaitawa ta kai kashi 61 cikin ɗari, fitilun fayafayan na ƙyaftawa a tare gwanin sha'awa. Shi a zatonsa gyara ake yi, sai da muka gwada buɗe haɗakar kwamfuta ta ce ba ta san tsarin fayil ɗin da ke kai ba. Garin neman gira aka rasa ido, domin matsalar tasu ta asali umarni ɗaya ne maganinta.

Ga abin da ya faru da taku. Kowane faifai na riƙe da ƙidayar da ake kira Events a tambarinsa, wadda ke ƙaruwa duk lokacin da halin haɗakar ya canza. In ƙidayar wani ta yi ƙasa da ta sauran, mdadm na ɗaukarsa a matsayin wanda aka bari a baya, ya ƙi shigar da shi. RAID 5 na jure rashin faifai ɗaya ne kacal, ku kuwa biyu aka ƙi, shi ya sa ta tsaya. Wannan tsayawar kariya ce. Ka rubuta mdadm --examine a kan kowane ɗaya daga cikin huɗun, ka adana abin da ya fito a filashi, ka kuma ɗauki hotonsa da waya. Ka duba Events, da Update Time, da Device Role. In bambancin ƙidayar kaɗan ne, lokutan kuma duk na daidai sa'ar da wutar ta tafi ne, to fayafayan lafiyarsu ƙalau, tare suka faɗi. Amma in ka ga ɗaya ya tsaya tun watanni da suka wuce, to ya daɗe da fita ba wanda ya lura, kun yi ta tafiya a kan uku, kuma wannan tsohon bai kamata a sa shi cikin tayarwar ba, domin bayanansa sun tsufa.

Daga nan ka duba lafiyar kowanne da smartctl. In wani ya nuna gurabun da suka ƙi karantuwa, a fara kwafe shi zuwa sabon faifai da ddrescue, a yi aiki da kwafin. In akwai halin sayen fayafayai a kwafe duka huɗun, ya fi, domin mataki na gaba yana taɓa tamburan. Sai ka tsayar da haɗakar da --stop, ka rubuta mdadm --assemble --force /dev/md0 tare da sunayen fayafayan da ƙidayarsu ta yi kusa. Zai ɗaga ƙidayar wanda ya fi kusa ya tayar da haɗakar, sau da yawa a kan uku cikin huɗu. Kada ka yi gaggawar mayar da na huɗun. Ka buɗe ta don karatu kawai da mount -o ro, ka kwashe abin da ya fi muhimmanci zuwa wani wuri, ka duba tsarin fayil da fsck -n wanda ke bincike ba tare da gyara ba, sannan ka ƙara na huɗun. Sake ginin yana tilasta karanta kowane lungu na sauran ukun, kuma a nan ne faifan da ya gaji ke nuna halinsa.

Fayilolin da ake cikin rubutawa lokacin da wutar ta tafi na iya samun tangarɗa, wannan tsohon rauni ne na RAID 5, domin bayanai da lissafinsu ba sa sauka kan fayafayai a daƙiƙa guda. Saba irin taku ba ta da dalilin zama babu UPS, akwatin batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, wanda aka jona da kebul ɗin USB yadda zai umarce ta ta kashe kanta cikin tsari in batirinsa ya yi ƙasa. Ka kuma duba ko fayafayai biyun da suka faɗi a kan reshen wayar wuta guda suke. Sannan ka sa adireshin imel a layin MAILADDR na mdadm.conf, ka gwada da mdadm --monitor --scan --test --oneshot ka tabbata saƙon na isowa.

TAMBAYA: Malam, daga Kumo nake rubutowa. Faifai ɗaya a haɗakata yana yawan fita, in ga harafin F a gefen sunansa. In na mayar da shi sai ya zauna mako biyu ko uku ya sake fita. Gwajin smartctl kuma "PASSED" yake cewa.

AMSA: Ɗan'uwa, kalmar "PASSED" ba shaidar lafiya ba ce, faifai kan ci gaba da faɗin ta har ya kusa mutuwa. Lambobin da ke ƙasa su ne abin dubawa. In layi na 199 ne ke hawa, laifin kebul ne ko mashigarsa, ka canza kebul ɗin SATA ka ga ko ƙidayar ta tsaya, domin ba ta komawa sifili. In layi na 5 ko 197 ko 198 ne ke hawa, fuskar faifan ce ke lalacewa, ka nemi wani. Umarnin dmesg ko journalctl -k zai nuna maka abin da ya faru daidai lokacin fitar.

Akwai kuma wani saɓani da ba kowa ya san shi ba. Faifan da aka ƙera don kwamfutar gida, in ya ci karo da gurbi mai wuyar karantawa, yakan nace yana gwadawa har fiye da minti guda ba ya amsa kowa. Linux kuwa daƙiƙa 30 take jira, in ba ta ji amsa ba ta sake tayar da mahaɗin faifan, daga ƙarshe a fitar da faifan gaba ɗaya saboda gurbi ɗaya tak, alhali da ya amsa da wuri cewa ya kasa, da haɗakar ta ɗauko bayanin daga ɗan'uwansa ta sake rubuta masa. Ka gwada smartctl -l scterc,70,70 a kan faifan, wanda ke umartarsa ya haƙura bayan daƙiƙa 7. In ya ce bai san wannan ba, sai ka ƙara wa Linux haƙuri ta hanyar rubuta 180 a cikin /sys/block/sdb/device/timeout, ka sa sunan naka faifan a wurin sdb. Duka biyun sukan ɓace in an kashe kwamfuta, dole a sa su cikin abin da ke gudana a kowane tashi.

Ka kuma binciki lambar samfurin faifan ko SMR ne, wato wanda ake rubuta layukansa suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi. Irinsa yakan yi nauyi ƙwarai in aka daɗe ana rubuta masa ba hutu, kamar lokacin sake gini. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu fayafayan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 irin wannan ne, har kamfanin ya ware masu tsarin CMR, waɗanda layukansu ba sa hawa kan juna, ya kira su WD Red Plus. Don haɗaka, CMR ake nema. Kada kuma ka raina zafi da ƙura: a watan Maris da Afrilu iskar ɗaki kanta ta isa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankokin akwatin. Layi na 194 zai gaya maka zafin faifan, in ka ga yana haura digiri 50 ka buɗe akwatin ka busa, ka bar tazara tsakanin fayafayan. In kuwa ta USB ka jona wannan faifan, ka fara da mayar da shi cikin akwati a kan SATA.

TAMBAYA: Malam, faifai ɗaya ya mutu a RAID 1 ɗina, na sayo wani mai terabait 2 kamar na da, amma --add na cewa "not large enough to join array". Daga Bajoga.

AMSA: Ka gwada girman biyun da blockdev --getsize64, wanda ke ba da adadi har zuwa bait na ƙarshe. Faifan terabait 2 na yau da kullum bait 2,000,398,934,016 ne, in sabon ya gaza haka ko da kaɗan ne mdadm ba zai karɓa ba. Sau da yawa ba faifan ne ƙarami ba, yankan ne ya bambanta, misali an haɗa na da ɗungurungum kai kuma ka yanka wa sabon fatishan, ko kuma an ɓoye wani yanki a ƙarshensa, abin da hdparm -N zai tona. In tsohon na da fatishan, ka kwafi teburinsa da sgdisk -R, ka lura sosai cewa sunan da ke manne da -R shi ne wanda za a rubuta wa, wato sabon, in ka juya su ka shafe teburin mai rai. Ka bi da sgdisk -G a kan sabon domin ya samu lambobinsa na kansa. In kuwa da gaske ƙarami ne, mayar da shi kasuwa ya fi sauƙi da aminci a kan rage girman haɗakar da ke tsaye da ƙafa ɗaya. Nan gaba in za ka yanka fatishan na haɗaka, ka bar kamar megabait 100 a ƙarshen kowane faifai ba a taɓa ba. In kuma daga wannan haɗakar kwamfutar ke tashi, bayan ginin ya kammala ka sa GRUB, shirin da ke tayar da Linux, a kan sabon faifan shi ma, sannan ka kashe, ka cire tsohon, ka kunna ka ga ko za ta tashi da sabon shi kaɗai.